Musayar Waƙa: Tagwayen Mars da Suka Ƙi Ritaya

Malam Ɗan Gwani: Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau za mu taɓa motocin binciken da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sauke a duniyar Mars. Ƙwar huɗu ce, babban amsa-amo "ya". Na buɗe da Opportunity, wadda ta sauka a Janairun 2004:

Kwana 90 aka ba ta,
Ta yi shekara 14 da ƙafarta,
Hasken rana abincinta,
Opportunity sha-tafiya.

In ƙura ta lulluɓe faifai,
Guguwa ta share shi sarai,
Batir ya cika ya yi daidai,
Ta ci gaba ba gajiya.

Hajiya Bazazzagiya: Malam, tagwaye ne fa, kuma tawa ce ta riga sauka, a ramin Gusev.

Malam ka ɗauki Usaina,
Ka yar da yayarta Hassana,
Spirit ce abar yabona,
Gurguwa mai juriya.

Tayarta ta daina juyawa,
Ta ja ta da baya ba tsayawa,
Farar ƙasa ta yi tonowa,
Shaidar ruwa a can baya.

Da matacciyar tayar nan ta tono silika, wani farin ma'adini, a 2007, alamar an taɓa yin ruwan zafi a wajen. Lafiyayyiyar taya da ta wuce ba ta gani ba.

Ɗan Birnin Dabo:
Hajiya son naki da ban tausai,
Kilomita 7 da ɗoriya kawai,
Tamu ta yi 45, ki duba dai,
A 2009 yashi ya kama taki ta tsaya.

Hajiya Bazazzagiya:
Yaro, kai mai tare acaɓa,
Don kai saƙo nan gaba,
Kilomita 7 ba ka taɓa ba,
Kai ne mai raina tafiya?

Na Tudun Wada: Allah ya ƙara girma Hajiya! Zariya gidan ilimi. Bakano sai ya koma kasuwa.

Malamin Aruli: Hajiya a gafarce ni, "ɓa" da "ba" ba harafi ɗaya ba ne, ƙaramin amsa-amonki ya goce. Kai kuma Ɗan Birni, ɗangonka na huɗu ya kusa ninka na farko. Karin ya karye.

Ɗan Birnin Dabo: Malam, ita ka ce "a gafarce ni", ni ka ce "kai kuma". Mun gane.

Na Tudun Wada: Rerawa ake yi. Malam ya rera baitin Hajiya ya ji ko kunne zai ƙi shi.

Malamin Aruli: Na rera. Kunne ma ya ƙi.

Ɗan Damagaram: Yayyena, sai yanzu na shigo. Kuna ta gardama a kan waɗanda suka kwanta, ga wadda ke aiki tun Agustan 2012:

Curiosity ta ci zamaninta,
Ramin Gale ne fagenta,
Duwatsu sun huda tayarta,
Wutarta ta nukiliya.

Malam Ɗan Gwani: Ƙanena, mai wutar nukiliya ba ta san fargabar ƙura ba. A Yunin 2018 ƙura ta mamaye duniyar Mars baki ɗaya, rana ta ɓace wa Opportunity. Sai da injiniyoyi suka aika mata saƙo fiye da 1,000 kafin su haƙura a Fabrairun 2019. Wannan har yau yana sosa min rai.

Ba tsufa ne ya kashe ta ba,
Ba taya ce ta gaza mata ba,
Rana ce ba ta fito ba,
An kira ta, ba amsa ko ɗaya.

Hajiya Bazazzagiya: Wannan kam Malam ka yi waƙa. Amma ban bar Hassana ba.

Malamin Aruli: "Ba, ba, ba" sau uku maimaici ne, ba amsa-amo ba. Kuma har yanzu ba wanda ya faɗa min a wane kari muke tafiya.

Ɗan Birnin Dabo: Tun safe Malam ke awon baitocin mutane. Ya ajiye ma'aunin ya kawo nasa baiti ɗaya mu gani.

Na Tudun Wada: Yau dai na yarda da Bakano. Malam, muna jira.