Yarana sun dage 1/8 ya fi 1/4 girma, ta ina zan ɓullo musu?

Malamar aji uku:
Assalamu alaikum malamai. Bana na fara koyarwa, an ba ni aji uku na firamare. Mako biyu ke nan muna kan su rabi da kwata da ɗaya bisa uku. Rabi bai ba su wahala ba. Amma shekaranjiya na rubuta 1/4 da 1/8 a allo, na ce wanne ya fi girma, kusan duk ajin suka ce 1/8, wai ai takwas ta fi huɗu. Na zana da'ira na yi ta bayani har muryata ta dishe, suka gyaɗa kai, washegari muka koma gidan jiya. Wata yarinya mai ƙoƙari ma ta haɗa 1/2 da 1/2 ta samu 2/4. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah ku taimaka.

Tsohon malamin lissafi:
Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki ga laifinsu. Tun aji ɗaya ake koya musu takwas ta fi huɗu, kuma gaskiya aka koya musu.

Ajiye alli tukuna. Yanko takardu sirara masu tsayi ɗaya, ki ba kowane yaro uku. Ta farko ya ninka ta sau ɗaya, gida biyu ke nan. Ta biyu sau biyu, gida huɗu. Ta uku sau uku, gida takwas. Sai ya yanke gida ɗaya daga kowacce ya jera su. Kada ki faɗi amsa, bari bakinsu ya faɗa. Da'irar hannu kuwa ba na son ta, da wuya gidajenta su fito daidai, alhali daidaiton shi ne tushen darasin.

Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu, ta sama tana ƙirga nawa aka ɗauka. Ita yarinyar, ba ta rabi biyu ta haɗa, za ta ga takarda ta dawo cikakkiya. Sannan ta ɗora kwata biyu a kai, ta ga iyakarsu tsakiya.

Mahaifiyar ɗan aji huɗu:
Malama, ni da murafun kwalba 12 na shawo kan nawa. Rabinsu 6, ɗaya bisa uku 4, kwata 3, ɗaya bisa shida 2. Da kansa ya lura masu rabo na ƙaruwa, kason kowa na raguwa. Agogo ma ya taimaka: rabin awa minti 30, kwata minti 15.

Wani malamin firamare:
Na yarda da Baba, sai dai kada a daɗe a kan takarda kaɗai, don yaro zai ɗauka abin hoto ne, ba lamba ba. Ja layi a ƙasan aji daga 0 zuwa 2, ki ce wani ya tsaya a kan 1/2, wani a kan 3/4. Ranar da 5/4 ya zo, za su san wurinsa gaba da 1 kaɗan.

Malamar aji uku:
Allah ya saka da alheri. Yau mun ninka takardu. Wani yaro da ba ya magana a aji ya ɗaga ɗan guntunsa ya ce, "Malama, na takwas ɗin ne ƙarami!" Na ji daɗi ƙwarai. Baba, saura ɗaya bisa uku: ninkin gida uku ya ƙi fito musu daidai. In auna musu da rula ne, ko in bar su su yi ta gwadawa?