Shin hana sayar da giya yana ƙara haihuwa?

Malam Sani: Ina nan kan bakana cewa duk ƙasar da ta hana giya, haihuwa za ta ƙaru a cikinta, mata kuma su samu lafiya. Hujjata Tarayyar Sobiyet ce, inda shugabanta Gorbachev ya takura sayar da barasa a 1985, aka kuma ga haihuwa ta ɗaga a 1986 da 1987.

Hajiya Rabi: Malam, Allah ya gafarta maka, hujjar tana da gyara, domin tun farkon shekarun 1980 hukumar Sobiyet ta fara biyan mata kuɗin hutun reno, saboda haka ba a iya jingina ƙaruwar ga dokar giya kaɗai. Mu a Nijar ba a hana giya ba, mashaya suna buɗe a Yamai, amma binciken ƙasa na 2012 ya nuna haihuwa 7.6 ga kowace mace. Auren wuri da rashin tazara tsakanin haihuwa ne suka kawo wannan adadi.

Abdu: Hajiya, ni a ganina amfanin dokar ta hannun miji yake biyowa. A jihar Bihar ta Indiya mata ne suka matsa har aka hana giya a 2016, saboda duka da kuma kuɗin cefane da ke ƙarewa a mashaya.

Hajiya Rabi: Nan kam mun haɗu, ɗana. Mai ciki da ta sha duka tana iya yin ɓari, wadda kuma aka hana kuɗin mota ba za ta zo awo ba. Giyar da uwa ta sha tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa har abada. Sai dai a ɗakin awon da nake aiki a nan Tawa, da wuya in ga mace mai sha. Abin da ke kashe mana mata shi ne zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga, da ƙarancin jinin da nake gani da na buɗe fatar idon mace na tarar da ita fari fat. Kada kuma mu manta cewa a Bihar ɗin giyar ɓoye mai guba ta sha kashe mutane bayan dokar.

Malam Sani: Maganar duka ta ƙara mini ƙarfi ne, Hajiya. Amma ina tambaya: mazan da matansu ke kuka da su a wurinki, giya suke sha ko tramol?

Hajiya Rabi: Tramol suka fi ambata, Malam, shi kuwa sayar da shi ba da takardar likita ba dama haramun ne a doka.