Cikin finafinan Harry Potter guda takwas wanne ne naku? Ni dai na uku

Abban_Khairat:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Tambaya ce nake da ita ga waɗanda suka tashi da kallon Harry Potter a cikinmu. Finafinan nan guda takwas ne, daga 2001 zuwa 2011, to in aka ce ka ɗauki ɗaya tak ka bar sauran, wanne za ka ɗauka kuma me ya sa?

Ni dai nawa na uku ne, Prisoner of Azkaban, wanda ya fito a 2004. Na san da yawa za su ce ai ba wani faɗa a ciki, kuma gaskiya ne, shi kaɗai ne ma a cikin takwas ɗin da bos ɗin wato Voldemort bai fito ba ko ta wace siga, amma wallahi ni nan ne na fi jin tsoro kuma nan ne na fi jin tausayin yaron. Ku tuna wajen jirgin ƙasa, suna hanyar komawa makaranta ana ruwan sama jirgin ya tsaya cak, fitilu suka mutu, ruwan da ke jikin gilashin taga ya fara daskarewa Ron na dafe da shi da hannu, sai ga wani dogon hannu baƙi ya jawo ƙofa a hankali. Dementor kenan, masu gadin kurkukun Azkaban, su aikinsu su tsotse duk wani farin ciki da ke zuciyar mutum su bar shi da mafi munin abin da ya taɓa gani a rayuwarsa. Sauran yaran sanyi kawai suka ji da baƙin ciki, shi kuwa Harry ihun mace ya ji ya faɗi sumamme, kuma ihun nan na mahaifiyarsa ne daren da aka kashe ta. Yaron da bai san muryar uwarsa ba, abin da zai fara ji daga gare ta kenan.

Sai kuma wajen bakin tafki, wanda shi ne ainihin dalilina. Dementor sun yi musu rubdugu shi da Sirius Black, aminin mahaifinsa, suna gab da mutuwa, sai ya hango wani a can ɗaya gefen ruwan ya turo haske mai siffar namijin barewa ya kore su duka. Da ya farfaɗo ya rantse mahaifinsa ne ya zo cetonsa. To da suka koma baya a lokaci shi da ƙawarsa Hermione da sarƙar nan tata mai ɗan agogon yashi, sai ya je ya laɓe a bayan bishiyoyi yana jiran ya ga babansa, yana ta ce mata yanzu zai zo, yanzu zai zo, tana gaya masa ba wanda zai zo fa kuna mutuwa, can sai ya gane ashe kansa ya gani, ya fito a guje ya ɗaga sanda. Duk wanda ya san maraici zai gane abin da ke wajen nan ba sai an yi masa bayani ba. Ga kuma Sirius, mutumin da ya yi shekara 12 a kurkuku kan laifin da bai yi ba, yana fitowa abin da ya fara yi wa Harry tayi shi ne ya dawo wajensa da zama, yaro ya yi murna zai rabu da gidan Dursley, dangin da ke riƙonsa suna gallaza masa, ko awa ɗaya ba a yi ba wata ya fito daga cikin gajimare malaminsu Lupin ya rikiɗa kyarkeci komai ya wargaje.

To ku fa? Ina sauraro.

Maman_Ilham:

Wa alaikumus salam Abban Khairat. Na uku yana da kyau ba musu, amma ni kam na huɗu, Goblet of Fire na 2005. A nan ne labarin ya daina zama wasan yara. Tun daga farko ana ta shagali, gasar makarantu uku, baƙi sun zo daga Beauxbatons da Durmstrang, ga dodon nan mai fiffike mai feso wuta ya tsinke sarƙa ya bi Harry har saman rufin makaranta, ga shiga ƙarƙashin ruwa, ga daren rawa kowa ya ci ado, kana zaune hankalinka kwance kana dariyar kayan da aka aiko wa Ron daga gida. Kwatsam sai maƙabarta. Cedric, abokin takarar Harry a gasar, ko magana bai gama ba aka kashe shi, yaron kirki wanda bai tare wa kowa komai ba, laifinsa kawai ya yarda shi da Harry sun taɓa kofin gasar tare, kofin ya kai su can.

Abin da ya fi tsaya min shi ne dawowarsu fili. Harry ya faɗo da gawar yana rungume da ita yana kuka, su kuma masu busa suna ta busa jama'a suna tafi sun zaci nasara ce, sai a hankali tafin ya fara mutuwa, uban Cedric ya ratso mutane yana ihu ɗana ne, ɗana ne. Ni uwa ce, ba na iya kallon wajen nan ban yi hawaye ba. Kuma a fim ɗin ne Ralph Fiennes ya fara fitowa a Voldemort da jikinsa sosai bayan an shekara huɗu ana jin sunansa ana ganin inuwarsa.

Shawara ɗaya ga iyaye tunda na ga ana saka wa yara a waya, daga na huɗun nan ku zauna tare da su in za su kalla, don shi ne na farko da aka sa wa alamar 'yan shekara 13 a Amurka. Ni nawa tun a na ɗaya na zaunar da su na gaya musu wannan ƙagaggen labari ne da dabarar kwamfuta, sihiri na gaske kuwa haramun ne ba abin sha'awa ba ne, kuma sun gane.

Dan_Birni:

Yaya Abban Khairat ka yi haƙuri amma ni da na karanta littattafan ina jin haushin na uku har gobe, kuma a daidai wajen da kake yabo. Me ya sa hasken ya fito a siffar barewa? Fim ɗin bai faɗa ba ko sau ɗaya. A littafi an bayyana cewa mahaifin Harry, James, shi da Sirius da Peter Pettigrew sun koyi rikiɗa zuwa dabbobi tun suna ɗalibai saboda abokinsu Lupin da ke zama kyarkeci duk sanda wata ya cika, don kada su bar shi shi kaɗai a wannan halin, James yana zama barewa, Sirius kare, Peter ɓera. Kuma su huɗun ne suka zana taswirar makarantar nan da tagwayen Weasley, yayyen Ron, suka ba Harry, sunayen nan huɗu da ke rubuce a jikinta laƙabinsu ne. To ka ga wanda bai karanta ba zai ga Lupin ya karɓi taswira ya san yadda ake rufe ta, bai san ta ina ya sani ba. Magana ce ta minti biyu da za a sa a bakin Lupin a ƙarshe lokacin da yake haɗa kayansa zai bar makaranta amma aka bar ta, aka ɓata lokaci kan ƙoƙon kan nan mai surutu a cikin bas. Kofin Quidditch, wasan ƙwallon da suke yi a kan tsintsiya, da gidan su Harry wato Gryffindor suka ci a shekarar ma an cire gaba ɗaya, tsintsiyar Firebolt da ta zo masa da Kirsimeti a littafi an kai ta can ƙarshen fim.

Ni nawa na ɗaya ne da na biyu na darakta Chris Columbus, sun bi littafi sau da ƙafa, kuma Richard Harris shi ne Dumbledore ɗin da na sani, wato shugaban makarantar, dattijo mai sanyin murya wanda ko tsawa bai yi ba ana shakkarsa. Da ya rasu a 2002 Michael Gambon ya karɓa, ƙwararre ne ban ce ba, amma ku dubi yadda ya cakumi Harry a na huɗu yana tambayarsa ko shi ya jefa sunansa a kofi, alhali a littafi cikin natsuwa ya tambaye shi.

Abban_Khairat:

Dan Birni maganarka kan barewar tana kan hanya, da an sa da wajen ya ƙara nauyi. Amma ko ba bayanin ni fuskar yaron yana jira a bayan bishiya ta ishe ni.

Sadiqu_Kamara:

Ni harkar ɗaukar hoto da haɗa bidiyo nake yi, don haka ta nan zan zo, kuma ina bayan Abban Khairat ɗari bisa ɗari. Daraktan na uku Alfonso Cuarón ne ɗan Meziko, wanda daga baya ya ci Oscar da Gravity ya sake ci da Roma, kuma in ka saka na biyu ka saka na uku a jere za ka rantse ba makaranta ɗaya ba ce. Shi ne ya sauko da bukkar Hagrid gangaren dutse aka je Glencoe a Sikotilan aka ɗauka, shi ya kawo doguwar gadar katakon nan da hasumiyar agogo mai ƙaton abin lilo, kuma ba banza ya cika fim ɗin da agogo ba tunda ƙarshensa a kan lokaci zai tsaya. Ya bar yaran suna yawo da kayan gida, rigar makarantar ma kowa ya sa yadda ya ga dama, wani ya zazzago ta wani nakatayal a karkace, shi ya sa suka fito kamar 'yan sakandare na gaske. Ku lura da bishiyar nan mai duka, da ita yake nuna shigar kaka da hunturu da bazara, ba rubutu a allo ba komai.

Akwai wani sin a masaukin Leaky Cauldron da baban Ron ya ja Harry gefe yana gargaɗinsa kan Sirius, kamara ba ta yanke ba, tana bin su daga cikin hayaniyar mutane suna ta matsawa lungu har aka bar Harry shi kaɗai a duhu, ga hoton Sirius na neman mai laifi a jikin ginshiƙi yana ta ihu ba sauti. Wannan aiki ne malam. Kuma kiɗan John Williams na ƙarshe kenan a jerin, daga na huɗu wasu suka karɓa.

Kafin a fara ɗauka ya sa yaran uku kowa ya rubuto masa bayanin wanda yake fitowa a matsayinsa, Emma Watson ta kawo shafuka rututu, Daniel Radcliffe ya kawo shafi ɗaya, Rupert Grint bai kawo komai ba ya ce ai Ron ma ba zai yi ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne duk cikin takwas ɗin shi ne ya fi kawo kuɗi kaɗan a sinima.

Ummu_Sudais:

Slm. Ba wanda ya ambaci na biyar, to ni shi ne nawa, Order of the Phoenix na 2007, saboda Umbridge, malamar da ma'aikatar sihiri ta turo makarantar. Voldemort ba za ka taɓa haɗuwa da irinsa ba amma irin matar nan kowa ya taɓa gani a wani ofis ko wata makaranta, murmushi a baki mugunta a ciki, ga kaya ruwan hoda ga farantan kyanwa jere a bango tana zuba sukari a shayi a nutse, ta miƙa wa yaro alƙalami ta ce ba ya buƙatar tawada, yana rubutu rubutun yana tsaga bayan hannunsa, laifinsa kawai ya faɗi gaskiya cewa Voldemort ya dawo, ita kuma ma'aikatar da ta turo ta ba ta son a ji haka. Kullum sabuwar doka Filch mai kula da makaranta na kan tsani yana kafa ta a bango har bangon ya cika. Imelda Staunton ta iya wasa wlh, na tsane ta kamar na shiga talabijin ɗin.

Littafinsa ne ya fi kowanne kauri amma fim ɗin yana cikin mafi gajarta, an yanke abubuwa da yawa na sani Dan Birni zai faɗa, duk da haka mutuwar Sirius da aka ɗauke sautin ihun Harry Lupin na riƙe da shi ta baya, da karon Dumbledore da Voldemort inda tarwatsattsun gilasai suka koma yashi, sun biya ni.

Malam_Habu:

Ku duka kun yi magana mai ma'ana. Ni na girme ku ina ji, tare da 'ya'yana na kalla a MBC2, kuma na ƙarshe nake zaɓa, kashi na biyu na Deathly Hallows na 2011, don tunanin malaminsu Snape da Harry ya gani bayan macijin Voldemort ya sari Snape ɗin. Shekara goma muna zagin bawan Allahn nan ashe shi ke tsare yaron saboda son da ya yi wa mahaifiyarsa Lily tun suna yara. Alan Rickman, wanda ya rasu a 2016, marubuciyar J.K. Rowling ta ɗan tsegunta masa wani abu game da Snape tun ba a gama rubuta littattafan ba, shi ya sa in ka koma baya kana kallo za ka ga alamu a idonsa.

Kuma Abban Khairat ga wani abu da zai ƙara maka son naka, je ka sake duba wajen da Lupin ya rikiɗa a gindin bishiya. Snape ya fito a fusace yana yi wa Harry faɗa, yana juyawa ya ga kyarkecin sai ya tura yaran uku bayansa ya ware hannuwa ya tsaya a gabansu, ko sanda babu a hannunsa. Wannan babu shi a littafi, a fim aka ƙara. Dan Birni sai ka rage musu laifi ko da kaɗan ne.

Dan_Birni:

Baba Habu wannan kam na yarda sun kyauta. Amma maganar taswira ina nan a kan bakana.