In bar aikin ofis in koma yi wa kamfanin waje aiki daga gida?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum. Shekara biyar ke nan ina aiki a wani ofishi a nan Kaduna, inda aka ɗauke ni a matsayin mai rubuta manhaja, amma yawancin ranaku abin da nake yi bai wuce ciro takardar da ta maƙale a firinta da tuna wa manya lambar sirrin da suka manta ba. Makon jiya ma oga ya aiko direbansa da wayar uwargida in mayar mata da WhatsApp. Manhajar adana bayanan ma'aikata da na kwashe wata huɗu ina ginawa kuwa tana nan ajiye, har yau da biro ake cika fom. Yanzu wani kamfani a Amurka ya yi mini tayin kwantiragin wata shida, biya da dala. Ina da mata da yara biyu, mahaifiyata kuma ta ce kada in saki reshe in kama ganye. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Injiniya Barnawa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekara uku na yi a irin wannan aikin, kuma ba zan ɓoye maka ba, kuɗin yana da daɗi, musamman tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sai dai ka yi lissafi da kyau, domin wuta da intanet duk a wuyanka za su koma. A Afrilun 2024 an mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa ashirin a rana, naira 225 kowane yunit, a farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data. Ni sai da na sa sola da batura, na riƙe layi biyu, don Bature ba ya fahimtar cewa an ɗauke wuta kana tsakiyar bayani. Ga kuma lokaci: muna gaban birnin Niyok da awa biyar ko shida, saboda haka lokacin da suke tashi daga aiki, mu nan goma ko sha ɗayan dare ta yi. Na sha katse taro in yi Magariba, na kuma daina zuwa majalisarmu gaba ɗaya. Ƙarshenta da saƙon imel guda aka sallame mu, mu bakwai, ba fansho ba garatuti.

Hajiya Malali:
Malam, na karanta bayaninka sau biyu, ban ga inda ka koka da ƙarancin albashi ba. Abin da ke cin ranka shi ne an mayar da kai ɗan aike, hannunka kuma yana tsatsa, wanda a sana'armu ya fi talauci haɗari, tunda kayan aikin da muka koya shekara biyar baya wasu har an daina yayinsu. Ina shugabantar masu rubuta manhaja shida, kuma waɗanda suka bar ni ba don kuɗi suka tafi ba, sai don sun gaji da gyaran abu ɗaya. Amma ka tuna cewa dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba aƙalla kashi 10 na albashinka, kai kana zuba 8. Idan ka fita, kai ne za ka riƙa ware wannan da kanka. Ka nemi hutu ba albashi na wata shida kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, kuma kada ka taɓa dalar wata biyun farko.

Ɗan Kawo:
Na gode, Yaya, na gode Hajiya. Ban taɓa kawo batun hutu ba albashi a raina ba, gobe zan duba ko dokokin ofishinmu sun ba da dama. Injiniya, batura nawa suka ishe ka riƙe kwamfuta da fanka har sha ɗayan dare?