Wace mita ce ta dace da auna man gyaɗa mai saukowa daga tanki ba tare da injin famfo ba?

Mai kula da tanki:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wata ƙaramar masana'antar tatsar man gyaɗa da ke Sharaɗa a Kano. Tankinmu yana kan dakali mai tsayin ƙafa 10, daga nan man yake gangarowa da nauyin kansa ta bututu mai faɗin inci 2 zuwa wurin da muke cika duro da jarkoki. Bara muka sa mita mai farfela, irin wadda ake auna ruwa da ita. A lokacin bazara ta yi mana aiki ba laifi, amma da hunturu ya kama sai lissafinta ya rikice: da safe ka cika jarkar lita 25 har wuya, ita kuwa ta nuna ƙasa da haka, gudun man ma ya ragu har lebura ya gaji da tsayuwa. Ina neman shawarar masana kan irin mitar da ta dace da mu kafin mu sake kashe kuɗi.

Injiniyan na'urori:
Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar ba ta lalacewar mita ba ce, an ɗora mata aikin da ba nata ba. Mita mai farfela an tsara ta ne don abu mai tsinkewa kamar ruwa ko kananzir, wanda yake gudu da ƙarfi yana juya farfelar daidai gwargwado. Man gyaɗa kuwa ya fi ruwa kauri ninkin ba ninki, kuma kaurinsa yakan kusan ninkawa idan zafinsa ya sauko daga digiri 40 zuwa 20, shi ya sa safiyar hunturu ta tona asirinta.

Abin da na fi amincewa da shi a wurinku shi ne mita mai giya biyu (ƙafafun ƙarfe masu haƙora) masu siffar ƙwai. Ita ɗiban man take yi kashi-kashi kamar mai awo da mudu, kowane juyi na giyar yana wucewa da adadin da aka sani, sai ta ƙirga juyin. Kaurin mai ma taimakonta yake yi, domin yana toshe 'yar ratar da ke tsakanin giya da bangon mitar, man ba ya sulalewa ba a ƙirga shi ba. Mai kyau a cikinsu kuskurenta ba ya wuce rabin lita a cikin lita 100.

Inda za ka yi hattara shi ne matsi. Matsin da tsayin ƙafa 10 na mai ke bayarwa bai kai 0.3 ba a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma da wannan ɗan ƙarfin ne man zai tura kansa ta bututu da bawul da rariya, sannan ya juya giyar. Kada ka zaɓi mita don bakinta ya yi daidai da bututunka kawai. Ka nemi mai sayarwa ya nuna maka jadawalin matsin da take ci a kaurin manku na lokacin sanyi, sannan ka ɗauki wadda za ta yi aiki a tsakiyar iyawarta. Rariya kuma dole ce kafin man ya shiga mitar, saboda guntun tunkuza ɗaya yana iya maƙale giyar.

Ma'aikacin gidan ruwa:
Injiniya, ina da tambaya a kan wannan. Mu muna amfani da mita mai maganaɗisu, cikinta fayau yake kamar bututu, ba ta rage matsi ko kaɗan. Me zai hana su sa irinta?

Injiniyan na'urori:
Tambayar tana kan hanya, amma ba za ta yi ba. Mita mai maganaɗisu tana buƙatar abin da lantarki ke iya ratsawa, kamar ruwa ko maɗin rake. Mai ba ya ɗaukar lantarki, don haka ba za ta ga komai ba.

Tsohon ma'auni:
Ina goyon bayan Injiniya, sai dai ina so Malam ya fara tambayar kansa: da lita kuke sayarwa ko da kilo? Mai yana kumbura da zafi, kusan kashi 0.07 cikin 100 a kowane digiri, wato tsakanin sanyin asuba da zafin azahar bambancin zai iya haura lita ɗaya a cikin 100, alhali nauyinsa bai canja ba. Mita mai giya lita take ƙirgawa. Wadda ke auna nauyi kai tsaye ita ce ta Koriyolis, kuma ta fi duka daidaito, amma tana da tsada ƙwarai, siraran bututunta na ciki suna cin matsi, kumfar iska ma tana rikita ta idan tanki ya kusa ƙarewa. A ganina, idan cika duro da jarka ne kawai aikinku, sikeli mai kyau a ƙarƙashin duron ya fi muku sauƙi, tunda ba ya taɓa gudun man ko kaɗan. Lita ɗaya ta man gyaɗa kusan kilo 0.91 ce.

Mai kula da tanki:
Allah ya saka muku da alheri. Manyan 'yan kasuwa da kilo suke saye, masu jarka kuwa da lita. Zan kai wa maigida shawarar a sa sikeli a wurin cika duro, a sa mita mai giya da rariyarta a layin jarkoki. Gobe da asuba zan auna zafin man da ke cikin tanki, domin in sami adadin da zan ba mai sayar da mitar.