Neman kalma kafin ƙarfe 6: "folo-of sikirinin" na sankarar fata

Mai Fassara: Salamu alaikum. Jama'a a agaza, ƙarfe 6 zan shiga situdiyo. Rahoto ne kan sojojin Amurka da suka bar aiki bayan sun sha ranar Iraƙi da Afganistan. Wanda aka taɓa cire wa sankarar fata, ko aka ga wani tabo da ba a yarda da shi ba, ana so ya riƙa komawa likita na duba shi. Turawa na cewa "folo-of sikirinin". Me zan ce?

Ɗan Birni: Tantancewa mana.

Yaya Nas: Tantancewa ai ta ministoci ce a majalisar dattawa. Mai sauraro zai ɗauka sojan bogi ake nema a jerin 'yan fansho. Mu a asibiti awo muke cewa, kuma duk mai ciki ta san awo ba zuwa ɗaya ba ne. Ka ce "komawa awon fata".

Malam Nahawu: Awon fata kuma? Sai ka ce a Majema ake cinikin kirgi! Na daɗe da ƙirƙiro "waiwayen fata". Waiwaye adon tafiya. Sannan don Allah kada in ji "kansa" a rediyo.

Ɗan Birni: Malam, a Kano daji muke cewa.

Malam Nahawu: Kano ba ita kaɗai ce ƙasar Hausa ba, ɗana. Ku kuka cika mana harshe da aro.

Yaya Nas: Allah ya huci zuciyar Malam, amma majinyacina bai taɓa cewa ya zo waiwaye ba.

Mai Fassara: Ga wata kuma. A rahoton akwai dokar PACT da Biden ya sa wa hannu a 2022, wadda ta sa melanoma, wani nau'in sankarar fata, cikin cututtukan da ake ɗauka hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanoni ya jawo. Su waɗannan 'yan mazan jiya zan kira su?

Ɗan Birni: Kakana da ya je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu shi ne ɗan mazan jiya. Wanda ya je Bagadaza a 2003 yana ɗan shekara 20 fa?

Malam Nahawu: Shi ma jiyan ya je.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure. Na rubuta "komawa awon fata akai-akai", da "sankara" saboda Malam.

Malam Nahawu: To, na yau kawai. Waiwaye dai na nan.