Me ya sa ƙoda ke riƙe ruwa alhali jiki ya kumbura?

Assalamu alaikum. Don Allah masana, ku warware mini wannan.

Na gane cewa idan zuciya ta yi rauni ba ta tura jini sosai, sai ya taru a jijiyoyi, ruwa ya tsattsafo cikin nama, ƙafafu su kumbura. Har nan lafiya lau.

A kan ƙoda na cije. Jinin da ke isa gare ta ya ragu, sai ta saki wani sinadari mai suna renin, aldosteron (sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa) ya biyo baya, gishiri da ruwa su ƙara taruwa. To ai jikin ya riga ya cika da ruwa, ƙarin ma nauyi ne ga zuciyar! Ƙodar ba ta da hanyar gane haka ne? Kuma a wane mataki wannan kariya ta riƙe ruwa take rikiɗewa ta zama cuta?